Jiha ta san abin da take nema kafin ta gina wata jami'a

A watan Agustan 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a dakatar da kafa sabbin jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi na gwamnatin tarayya har na tsawon shekara 7. Ministan ilimi, Tunji Alausa, ya kafa hujja da alƙaluman hukumar JAMB. Ya ce akwai jami'o'i 199, har da masu zaman kansu, da kowaccensu ba ta samu masu nema 100 ba, 34 kuma ko ɗalibi ɗaya bai zaɓe su ba. Wannan yana faruwa ne a ƙasar da yara kusan miliyan 2 suke zana jarrabawar neman shiga manyan makarantu duk shekara, ɗimbinsu kuma su ƙare a gida saboda rashin gurbi. Duk inda aka ga azuzuwa ba ɗalibai, a gefe guda kuma ga ɗalibai ba azuzuwa, to an yi gini ba a yi lissafi ba. Matakin na Abuja bai taɓa ikon da kundin tsarin mulki ya bai wa jihohi na kafa nasu makarantun ba, don haka ragowar aikin yana hannun gwamnoni da majalisun dokokinsu. Ra'ayina shi ne kowace jiha, musamman a nan Arewa inda kuɗi suka yi ƙaranci kuma giɓin ilimi ya fi faɗi, ta zauna ta rubuta kundin tsari guda ɗaya da zai game dukkan manyan makarantunta, ta mayar da shi doka, ta faɗi aikin kowace makaranta, ta kuma ɗaura wa kanta buri mai alƙaluma da wa'adi. Sai an yi haka sannan a dawo kan maganar sabuwar jami'a.

Kundin tsarin mulkin 1979 ne ya sanya ilimi mai zurfi cikin abubuwan da tarayya da jihohi suke da hurumi a kai tare. Jihar Ribas tana cikin na farko, ta buɗe jami'arta ta kimiyya da fasaha a 1980. Arewa ta yi jinkiri, sai a 1992 Binuwai ta kafa tata, abin kuma bai kankama ba sai bayan dawowar mulkin farar hula a 1999: Wudil a 2001, Mubi a 2002, Kaduna da Gombe a 2004, Katsina da Aliero da Damaturu a 2006, Sakkwato a 2009, Gaɗau a 2011, ta biyu a Kano a 2012, Kafin Hausa a 2013, Talata Mafara a 2018. Ba na cikin masu ganin kafa waɗannan jami'o'i kuskure ne. Dubban 'ya'yan talakawa sun samu digiri ta dalilinsu, musamman 'yan matan da iyayensu ba za su yarda su yi nisa da gida ba. Sai dai kowaccensu ta zo ne da dokarta ita kaɗai, da tsarin karatu da taswirar ginin da ta miƙa wa hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC. Wannan tsarin makaranta ɗaya ne. Takardar da za ta ce ga yadda jami'a da foliteknik da kwalejin ilimi da makarantar jinya da kwalejin aikin gona za su raba aikin jiha a tsakaninsu, ita ce ba kasafai ake samu ba. Ko tsare-tsaren fannin ilimi da jihohi suka rubuta tare da ƙungiyoyin ba da tallafi sun fi karkata ga firamare da sakandare.

Illar rashin wannan takarda a bayyane take. Kowace makaranta burinta ta haye matakin da ke samanta, domin can martaba da kuɗi suke. Kwalejin ilimi tana neman zama jami'ar ilimi, foliteknik tana neman zama jami'ar fasaha, garin da bai samu komai ba kuma yana neman a ba shi ko da reshe ne. A Kano, gwamnati ɗaya ta ɗaga Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi zuwa jami'a, NUC ta amince a 2023, gwamnatin da ta gaje ta kuma ta mayar da ita kwaleji a 2024. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma ba nufina in yanke hukunci tsakaninsu ba. Abin da ya dame ni shi ne babu wani ma'auni da jihar ta amince da shi tun farko da za a ɗora hujjojin biyu a kai, alhali makomar malamai da ɗalibai dubbai ce take lilo a tsakani. Haka abin yake ta fuskar kwasa-kwasai. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce jami'o'i su bai wa kimiyya kashi 60 na gurabensu, foliteknik kuma ta bai wa fannonin fasaha kashi 70. Amma makarantar da aka bari ta nemo kuɗin shiga da kanta dole ta buɗe kwas ɗin da allo da kujera suka wadatar da shi, domin ɗakin gwaje-gwaje da injina tsada gare su. Shi ya sa za ka tarar da makarantu uku na gwamnati ɗaya suna koyar da harkokin mulki da kasuwanci, asibitin karkara kuma ba unguwarzoma, sakandaren ƙauye ba malamin lissafi. A 2017 gwamnatin Kaduna ta jarraba malaman firamare kusan 33,000 da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 sun kasa kai makin da ta gindaya. An yi ta jayayya kan adalcin jarrabawar da korar da ta biyo baya, amma tambayar da ta shafi manyan makarantu ta wuce ba a tsaya a kanta sosai ba: a ina aka horar da waɗannan malamai, kuma a wuyan wa ingancin masu maye gurbinsu ya rataya?

Ba mu muka fara shiga wannan ruɗani ba. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta sha fama da irinsa a shekarun 1950. Jama'a suna ta kwarara cikin jihar, yaran da aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun doshi shekarun shiga jami'a, 'yan majalisa suna rige-rigen kai ƙudurin a kafa kwaleji a mazaɓunsu, kwalejojin jiha kuma, waɗanda asalin yawancinsu na horar da malamai ne, suna neman izinin yin bincike da ba da digiri na uku kamar Jami'ar Kalifoniya. A 1959 majalisar jihar ta jingine ƙudurorin, ta umarci hukumomin makarantun su zauna su kawo tsari guda. Clark Kerr, shugaban Jami'ar Kalifoniya na lokacin, shi ne ƙashin bayan wannan zama, Gwamna Pat Brown kuma ya sa hannu a dokar da ta ɗauki muhimman sassan tsarin a 1960.

Abin da suka ƙulla ba shi da wuyar fahimta. Jami'ar Kalifoniya za ta ɗibi ɗalibanta daga kashi ɗaya cikin takwas na sama na masu gama sakandare, ita ce cibiyar bincike, ita ke da hurumin karatun likita da na lauya da digiri na uku. Kwalejojin jiha za su ɗiba daga kashi ɗaya cikin uku na sama, aikinsu digiri na farko da na biyu da horar da malamai. Kwalejojin al'umma na shekara biyu kuwa ƙofarsu a buɗe take ga duk wanda ya gama sakandare, kusa da gidansu, cikin rahusa. Abin da ya riƙe sassan uku suka zama abu ɗaya shi ne alƙawarin cewa yaron da ya taka rawar gani a kwalejin al'umma zai wuce jami'a ya ƙarasa shekara biyun da suka rage, jami'o'in kuma suka ware masa gurabe a azuzuwan sama. An kafa majalisar daidaitawa da za ta duba buƙatar sabon reshe kafin a gina shi. Tsarin bai hana gini ba, domin a 1965 aka buɗe rassan Irvine da Santa Cruz, yau kuma jami'ar tana da rassa 10, jami'o'in jiha fiye da 20, kwalejojin al'umma fiye da 100. Abin da ya sauya shi ne ginin ya koma bin ƙiyasin yawan jama'a da rabon aikin da aka riga aka yi.

Kada wani ya ce wannan tunanin wasu ne da bai dace da mu ba, domin a wannan shekarar ta 1960 Nijeriya ma ta yi irinsa. Hukumar Sir Eric Ashby, wadda Shettima Kashim da Kenneth Dike suke cikin wakilanta, ta miƙa rahotonta a watan Satumba, inda ta ƙiyasta ƙwararrun ma'aikatan da ƙasar za ta buƙata cikin shekara 20, sannan ta gina shawarwarinta a kan wannan ƙiyasi. Daga nan aka samu NUC a 1962, da jami'o'in Legas da Zariya. Lokacin da gwamnatin Sardauna ta buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoban 1962, ta san me take nema: ma'aikatan mulki da malaman gona da injiniyoyi da malaman makaranta 'yan Arewa. Ba ta fara daga fili ba, ta tattaro abin da ke akwai, wato cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da makarantar koyon aikin mulki ta Kongo da kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya da kwalejin Kano, ta sa su ƙarƙashin manufa ɗaya. Da aka ga sakandaren Arewa ba sa yaye isassun yaran da za su cike guraben, sai jami'ar ta buɗe makarantar share fage a 1970. Jihar Kano ma, da ta lura 'ya'yanta ba sa samun shiga likitanci da injiniyanci, ba jami'a ta fara ginawa ba. A 1977 ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu sun isa shaida. A dukkan waɗannan, an fara gano inda giɓin yake ne, sannan aka zaɓi abin da zai toshe shi.

Rabon aiki rabin magana ne, ɗaya rabin shi ne buri mai lamba. A nan jihar Teksas ce abar dubawa. Hukumarta ta daidaita manyan makarantu, wadda aka kafa a 1965, ta fito da wani shiri a shekarar 2000 na ƙara ɗalibai 500,000 kafin 2015, ta kuma rarraba burin bisa jinsunan jama'ar jihar don kada ci gaban wasu ya ɓoye koma-bayan wasu. Da wa'adin ya cika sai ta sauya ma'aunin. Sabon shirin na 2015 ya ce kafin 2030 kashi 60 cikin 100 na masu shekara 25 zuwa 34 su kasance suna riƙe da digiri ko takardar shaidar wata sana'a, ya kuma ƙara da cewa kada bashin karatun ɗalibi ya wuce kashi 60 na albashinsa na shekarar farko. Wannan sauyi daga ƙirga masu shiga zuwa ƙirga masu kammalawa shi ne darasin da ya fi amfani gare mu. Jawabin gwamnati a kan ilimi mai zurfi a ƙasar nan yakan tsaya ne a kan tsangayoyi nawa aka gina, kwasa-kwasai nawa aka tantance, ɗalibai nawa aka rantsar. Da wuya ka ji an faɗi kashi nawa na waɗanda aka rantsar shekara biyar da suka wuce ne suka fita da takarda, nawa suka bari saboda kuɗin makaranta, nawa aure ko yajin aiki ya katse wa karatu, nawa kuma suke aiki da abin da suka karanta.

Burin jiha irin Jigawa ko Zamfara ko Yobe ba zai zama kwafin na Teksas ba, kuma bai kamata ya zama ba. Daga buƙatun da ke gabanta zai fito. Ma'aikatar ilimi ta san sakandare nawa gare ta, ta san waɗanda ba su da malamin lissafi ko na kimiyya, takardar albashi kuma tana nuna waɗanda za su yi ritaya nan da shekara biyar. Manufar ƙasa ce a samu cibiyar lafiya a matakin farko mai aiki a kowace mazaɓa, don haka lissafin unguwarzoma da ma'aikatan jinya da ake buƙata ba gaibu ba ne. Daga irin waɗannan alƙaluma jiha za ta ce: nan da shekara 10 muna son malamai kaza, kashi kaza mata, kwalejin ilimi ce za ta yaye su, muna son ma'aikatan jinya kaza, ga makarantun da za a faɗaɗa har hukumar da ke kula da aikin ta ƙara musu gurabe, muna son masu gyaran injinan ban ruwa da na'urorin hasken rana kaza, wannan kuma aikin foliteknik ne. Tura ɗalibai ƙasashen waje ma ya shiga cikin lissafin. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, cikin waɗanda aka kwaso akwai ɗaliban likitanci da jihohin Arewa suka ɗauki nauyinsu, aka shiga neman inda za a cusa su su ƙarasa. Jihar da take da tsari za ta san likitoci nawa take son ta horar a waje, har zuwa yaushe, da kuma ranar da kwalejin likitancinta za ta karɓi aikin.

Duk wannan zai tsaya a takarda muddin kuɗi ba su bi shi ba. Asusun TETFund, wanda ya faro a 1993 a matsayin asusun harajin ilimi aka kuma taƙaita shi ga manyan makarantun gwamnati a 2011, yana raba kuɗinsa kashi biyu ga jami'o'i, ɗaya ga foliteknik, ɗaya ga kwalejojin ilimi. Yana gini, yana sayen kayan aiki, yana tura malamai ƙaro karatu, amma ba ya biyan albashi. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta daɗe tana kukan cewa gwamnoni suna kafa jami'a su bar wa asusun ɗawainiyar gininta, batun yawaitar jami'o'i kuma yana cikin ƙorafe-ƙorafenta a yajin aikin wata 8 na 2022. Gaskiya ce ƙungiyar ta faɗa. Gina tsangaya abu ne na shekara ɗaya, albashin malamanta da wutar lantarki da sinadaran ɗakin gwaje-gwaje kuwa na har abada ne, kuma daga baitulmalin jiha za su fito. Wanda ya ƙara mata bai ƙara hatsi a rumbu ba, ya san abin da zai faru da gidan. Saboda haka dokar tsarin ta wajabta cewa duk ƙudurin kafa sabuwar makaranta ko ɗaga darajar tsohuwa ya zo da lissafin kuɗin gudanar da ita na shekara 10 da inda za su fito. Ta kuma ware wani kaso ƙarami na tallafin shekara, a riƙa bayar da shi gwargwadon yadda makaranta ta cika aikin da aka ɗora mata.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo a kan wannan ra'ayi ita ce ta ƙishirwar ilimi. Za a ce yaranmu suna cin jarrabawa suna zaune a gida, Arewa tana baya, ta yaya za a ce a dakata da gini? Na yarda da buƙatar ƙarin gurabe ɗari bisa ɗari. Amma gurbi ba ƙofa da katanga ba ne, malami ne da ɗakin gwaji da gadon asibitin koyarwa, su ne NUC da hukumar likitoci suke dubawa kafin su yanke yawan ɗaliban da kwas zai ɗauka. Sabuwar jami'a tana cinye kuɗi masu yawa a kan ofishin shugaba da magatakarda da ma'aji da motoci da hukumar gudanarwa kafin ɗalibi ɗaya ya zauna a aji, malamanta na farko kuma yawanci daga maƙwabciyarta take janyo su, ko ta dogara da malaman ziyara masu zagaya jami'o'i biyu ko uku. Idan aka zuba waɗannan kuɗi a tsangayar da ta riga ta kafu, guraben da za a samu sun fi yawa kuma sun fi sauri. Alƙaluman JAMB ma sun nuna yaran ba kowane gurbi suke bi ba. Suna cincirindo a kan likitanci da jinya da lauya da kimiyyar kwamfuta a 'yan jami'o'in da suka yarda da su, kwalejojin ilimi kuwa ana neman ɗalibai ko da an sauke makin shiga zuwa 100. Ƙarin allon suna a bakin titi ba zai warware wannan ba.

Wasu za su ce ai tsarawa aikin Abuja ne, ga NUC, ga NBTE mai kula da foliteknik tun 1977, ga NCCE mai kula da kwalejojin ilimi tun 1989. Aikin waɗannan hukumomi shi ne su tabbatar kwas ya cika mafi ƙarancin sharaɗi, kuma kowacce layinta take dubawa. Babu wadda aka ɗora wa ta tambayi ko Katsina tana buƙatar sashen aikin jarida na uku, ko kuwa malaman makarantun makiyaya ta fi buƙata. Wanda yake biyan albashi, yake ɗaukar mafi yawan malamai da ma'aikatan lafiyar da aka yaye, shi ya dace ya yi wannan tambaya, kuma jiha ce.

Akwai kuma masu cewa mun gaji da takardu, mun ga Hangen 2010 da na 2020, kowanne ya mutu a kan kanta. Wannan tsoro yana da tushe, kuma shi ya sa nake nacewa a kan doka da hukuma. Tsarin da gwamna ya ƙaddamar a ɗakin taro yana tafiya ranar da ya bar gidan gwamnati. Wanda majalisa ta zartar, aka naɗa masa ƙaramar hukumar daidaitawa mai wakilan da wa'adinsu ba ya ƙarewa lokaci ɗaya da na gwamna, aka kuma tilasta mata buga rahoto duk shekara kafin a kare kasafin kuɗi, sauya shi sai an fito fili an yi bayani. Ba na da'awar doka garkuwa ce da ba a hudawa. A Kalifoniya kanta, Gwamna Jerry Brown, ɗan wanda ya sa hannu a dokar 1960, ya soke kuɗin hukumar daidaitawar a 2011 ta rufe. Karatun kyauta da tsarin ya yi alƙawari ya zaizaye tun daga 1970, ƙuri'ar rage harajin gidaje ta 1978 ta ƙuntata kuɗin kwalejojin al'umma. Ƙiyasin Ashby ma bai daɗe ba yawan ɗalibai ya zarce shi. Amma ƙiyasin da ya kauce ana gane ya kauce, a gyara shi, domin akwai abin da ake aunawa da shi. Don haka a rubuta a cikin dokar cewa za a sake duba tsarin duk shekara biyar.

Ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi shi ne na adalci. Idan aka ce wannan makaranta ta bincike ce, waccan ta sana'a ce, shin ba an ware 'ya'yan masu hali a sama an tura 'ya'yan talakawa ƙasa ba ke nan? An yi wa tsarin Kalifoniya wannan suka, kuma akwai gaskiya a ciki, domin da yawa daga masu shiga kwalejin al'umma da niyyar wucewa jami'a ba sa kaiwa. A wurinmu haɗarin ya fi girma, tunda bambancin da ake nunawa tsakanin mai babbar difloma da mai digiri a aikin gwamnati yana nan, ƙudurin soke shi da Majalisar Tarayya ta zartar a 2021 kuma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Muddin haka ta ci gaba, babu uban da zai so a ce ɗansa na foliteknik ne. Amma a nan ma jiha ba ta rasa abin yi ba. Ita ke da tsarin aikin ma'aikatanta, tana iya cire wannan shinge a cikinsa ba tare da jiran kowa ba. Matakalar hawa kuma muna da ita tun tuni, domin mai NCE da mai ƙaramar difloma da mai takardar share fage ta IJMB suna shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Abin da ya rage shi ne a mayar da wannan dama haƙƙi: jami'ar jiha ta ware kaso sananne na gurabenta ga waɗanda suka fito daga kwalejojin jihar da sakamako mai kyau, a daidaita manhajojin tun farko, a kuma buga yawan waɗanda suka haye duk shekara. Idan babu wannan matakala, ni ma ba zan goyi bayan rabon aikin ba.

Lamba ma tana da nata sharrin. Idan aka ce kuɗi za su bi yawan waɗanda aka yaye, wata makarantar za ta sassauta jarrabawa, wata kuma ta guji ɗaukar yaron ƙauye mai rauni. Bincike a jihohin Amurka da suka ɗaura tallafi a kan sakamako ya nuna wasu kwalejoji sun karkata ga gajerun kwasa-kwasai masu saurin kammalawa, wasu jami'o'i kuma sun tsaurara ɗaukar ɗalibai. Shi ya sa na ce kason ya zama ƙarami, a kuma auna da abin da makaranta ba ta iya murɗawa, kamar jarrabawar hukumar rajistar malamai da ta hukumar jinya da unguwarzoma, sannan a ƙara maki ga makarantar da ta yaye 'yan mata da 'yan ƙananan hukumomin da aka bari a baya. Masu cewa ba mu da alƙaluman da za a yi duk wannan su tuna JAMB tana da bayanin kowane mai nema da jiharsa da ƙaramar hukumarsa, hukumar yi wa ƙasa hidima tana da jerin waɗanda aka yaye, asusun lamunin ɗalibai da ya fara aiki a 2024 yana tara nasa. Ba a dai zauna an haɗa su da sunan jiha ba ne.

Saura batun da 'yan siyasa suka fi jin zafinsa, wato rabon arziki tsakanin shiyyoyi. Ba laifi ba ne masarauta ko shiyyar sanata ta nemi a kawo mata makaranta, domin makaranta tana kawo aiki da kasuwa da haya. Tsari ba zai kashe wannan buƙata ba, zai dai ba ta hanya: shiyyar da ba ta da komai ta samu makarantar jinya ko cibiyar koyon sana'a da kundin ya riga ya nuna ana buƙata, maimakon a yayyaga tsangayoyin jami'a ɗaya a warwatsa su garuruwa uku, kowanne da nasa janareto da ɗakin karatu rabi da rabi. Akwai kuma fannonin da jiha ɗaya ba za ta iya ɗauka da kyau ba, irin su likitan dabbobi da haɗa magunguna da injiniyancin ma'adinai. Mallakar haɗin gwiwa tana da wahala, rikicin Oyo da Osun a kan jami'ar Ladoke Akintola da ke Ogbomosho, wanda sai a 2020 aka raba gardama aka bar wa Oyo, ya isa gargaɗi. Amma ba sai an haɗa mallaka ba. Jiha ɗaya ta riƙe tsangayar, maƙwabtanta su sayi gurabe da yarjejeniya a rubuce, kowacce ta biya kuɗin ɗalibanta a farkon zango. Gwamnonin Arewa maso Yamma da na Arewa maso Gabas suna da zauren da suke haɗuwa a kai a kai, kuma kwamishinoninsu na ilimi mai zurfi za su iya kawo musu jerin waɗannan fannoni da farashin gurbi ɗaya a zama na gaba.